Ra'ayi: Direbobin manyan motoci a Zariya, ku gina zangonku da kanku

Duk wanda ya saba bin hanyar Samaru zuwa Sabon Gari bayan sallar isha'i ya san abin da zai tarar a Kwangila. Tireloli da tankokin mai sun jeru a gefen titi, wasu rabin jikinsu a kan kwalta, an dasa musu dutse a bayan taya, an watsa ganye a ƙasa a madadin alamar gargaɗi. Idan ka rage gudu ka leƙa ƙarƙashinsu, za ka ga mutum ya shimfiɗa tabarma ko kwali, ya rataya gidan sauro a jikin ƙarfen mota, yana neman barcin awa uku kafin ya kama hanyar Sakkwato ko ta Legas. Mu masu wucewa cunkoso muke gani da haɗari. Shi kuwa na kwance wannan ne masaukinsa, kuma gobe ma irinsa zai samu a Tafa ko a Jebba.

Ina da kawu da ya shekara fiye da ashirin yana tuƙa tirela. Ya sha faɗa mana cewa shi a hanya ba barci yake yi ba, gadi yake yi: kunne ɗaya a kan tankin gas, ɗaya a kan tamfol. Wani dare da gajiya ta ci ƙarfinsa, ya farka ya tarar an kwance batir biyu, an zuƙe masa gas, kuma mai mota ya cire kuɗin daga haƙƙinsa. Tun daga ranar bai ƙara yarda ya runtsa sosai a gefen titi ba. To, irin wannan mutumin da ya kwana yana gadi shi ne muke sakar wa kaya tan talatin da sassafe, ya bi ta gaban babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello daidai lokacin da ɗalibai da 'yan makarantar firamare ke tsallaka titi, ya kuma wuce ta Shika inda motocin marasa lafiya ke shiga asibitin koyarwa.

Ra'ayina shi ne, lokaci ya yi da direbobi da masu manyan motoci a Zariya za su daina jiran gwamnati ta gina musu wurin kwana. Su haɗu su kafa zangonsu, mallakar membobinsu, su riƙa tafiyar da shi da dokokin da suka rubuta da hannunsu. Akwai waɗanda suka yi haka a wasu ƙasashe kuma ya ɗore, sannan kakanninmu sun riga su yi.

Abin da ya sa matsalar ta fi ƙarfi a Zariya

Zariya mahaɗa ce. Hanyar Kaduna zuwa Kano ta ratsa ta, hanyar Funtuwa da Gusau da Sakkwato ta tashi daga cikinta ta bi ta Samaru, ga kuma hanyar Jos da ta fita ta Dakace da Pambeguwa. Sabon Gari kansa sufuri ne ya haife shi, domin ya bunƙasa ne bayan zuwan layin dogon da ya isa Kano a 1911. A wancan zamani auduga da gyaɗa jirgin ƙasa ne ke ɗaukarsu, kuma jirgi yana da tasharsa da wurin tsayawarsa. Da jirgi ya ja baya, kayan suka koma kan tirela, amma babu wanda ya tanadar wa tirela irin abin da aka tanadar wa jirgi.

Yanzu an ƙara tashoshin tsandauri a kewayenmu: ta Kaduna da aka buɗe a 2018, ta Dala a Kano a 2023, da ta Funtuwa a 2024. Zariya tana tsakiyar ukun nan. Ga masara da waken suya da ake lodi daga kasuwannin Giwa da Saminaka, ga siminti da taki da fetur da ke haurowa daga kudu. Manyan motoci ba raguwa za su yi a garin nan ba, ƙaruwa za su yi.

Maganin da muka saba gani shi ne kora da tara. A wayi gari jami'an KASTLEA ko na hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC sun fito, an tashi motoci, a yi mako guda titi fayau, daga nan a koma gidan jiya. Ba taurin kai ne kawai ke dawo da direba ba. Yana tsayawa ne inda zai samu abinci da ruwa da mai faci da bakanike, da kuma 'yan uwansa da za su sa masa ido a kan mota. Idan ka kore shi ba ka nuna masa wani wuri mai irin waɗannan abubuwa ba, ka dai matsar da matsalar ne daga Kwangila zuwa Ɗan Magaji.

Alkawarin gwamnati ma mun ji shi. Hukumar kula da masu shigo da kaya ta jiragen ruwa ta daɗe tana maganar gina wuraren hutawar manyan motoci a irin su Lokoja da Obollo-Afor. Gwamnatin Malam Nasiru El-Rufai ta ɗauko batun wuraren ajiye tireloli a Tafa da Mararrabar Jos. Duk wanda ya bi hanyar Kaduna a 'yan kwanakin nan shi zai ba da shaida ko manyan motoci sun bar gefen titi. Abin da na lura da shi shi ne, wurin da aka gina wa mutum ba tare da an tambaye shi ba, ba ya jin nasa ne, ba ya kuma jin ciwo idan ya lalace. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yadda masu motocin kwana suka yi a ƙasashen waje

A Turai da Amurka da New Zealand akwai mutanen da ke yawo da mota mai ɗauke da gado da kicin da banɗaki a cikinta. Yawancinsu 'yan fansho ne da masu yawon buɗe ido. Matsalarsu ta yi kama da ta direbobinmu: motar babba ce, gari ba ya son ta kwana a kan titinsa, kuma wuraren 'yan kasuwa suna da tsada. Sai suka kafa ƙungiyoyi.

A Ingila akwai ƙungiyar da aka kafa a 1907 da sunan Caravan Club, wadda ta koma Caravan and Motorhome Club a 2017. Ban da manyan wuraren da take gudanarwa da kanta, wata doka ta 1960 ta ba irin waɗannan ƙungiyoyi ikon ba mai fili takardar shaida ya karɓi motocin membobi, amma kada su wuce biyar a lokaci guda. Manomi mai ɗan fili a bayan gonarsa sai ya nema, ƙungiya ta turo mai dubawa, idan ta gamsu da ruwan sha da wurin zubar da ƙazanta da hanyar shiga ta ba shi shaida, ana sabunta ta duk shekara. Irin waɗannan ƙananan wurare sun haura 2,000, kuma membobi kaɗai ke kwana a cikinsu.

A New Zealand ƙungiyar NZMCA, wadda ta samo asali a 1956, tana sayen fili ko ta karɓi haya daga ƙananan hukumomi, ta kewaye shi, ta sa ƙofa. Ba ka shiga sai kana da katin zama memba, kuma sai motarka ta cika sharaɗin riƙe ƙazantarta ba tare da zubarwa a ƙasa ba. Kuɗin kwana kaɗan ne, akwai iyakar kwanakin da mutum zai yi, kuma membobi 'yan sa-kai ne ke kula da yawancin wuraren.

A Amurka wasu ma'aurata, Joe da Kay Peterson, sun kafa ƙungiyar Escapees a 1978, wadda daga baya ta yi hedikwata a Livingston ta jihar Texas. Membobinta sun ɓullo da wuraren haɗin gwiwa: kowa ya biya kuɗin gurbi guda, wurin ya zama mallakarsu gaba ɗaya, su zaɓi shugabanninsu. Idan mai gurbi ya yi tafiya, ana iya ba wani memba hayar gurbinsa. Idan ya bar ƙungiyar, gurbin ba ya zuwa kasuwa a yi cinikinsa, ana miƙa shi ne ga na gaba a layin masu jira.

Idan ka tace waɗannan misalai, abu biyar ne suka rage. Fili mai takarda, ko na saye ko na doguwar haya. Rajistar membobi, ta yadda ba a rasa sanin wanda ya kwana. Kuɗi kaɗan amma kowa ya biya, kuma a san inda ya tafi. Doka gajeriya mai hukunci, wanda mafi girmansa shi ne a karɓe katin mutum. Sai kuma fahimtar juna da hukuma da maƙwabta. Babu ɗaya a cikin biyar ɗin nan da ya fi ƙarfin Zariya.

Mu ma da namu

Wani zai ce wannan harkar Turawa ce masu kuɗi da lokacin hutu. To, ya tuna da fatake. Shekaru aru-aru ayarin Hausawa na tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Gwanja sayen goro, tafiyar watanni da jakuna da alfadarai. Madugu ne shugaba, jagaba yana gaba yana duba hanya, kuma ba a kwana ko'ina sai a zango. Madugu shi ke daidaitawa da sarkin gari a kan abin da za a biya, shi ke raba gardama, shi ke tsara masu gadi. Wasu zangunan sun girma har suka zama garuruwa da unguwanni, shi ya sa har yau ake da Zango a Kumasi, da Sabon Zango a Accra, da Zangon Kataf a nan Jihar Kaduna.

A cikin gari kuma akwai fatoma, wato mai masaukin baƙi. Shi ke ba ɗan kasuwa ɗaki, ya adana masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa idan rigima ta taso. A unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, da wannan tsari ne Hausawa suka riƙe cinikin shanu da goro shekaru masu yawa, kamar yadda masani Abner Cohen ya nuna a binciken da ya wallafa a 1969. Abin da ya riƙe tsarin shi ne sanin juna. Wanda ya ci amana a zango ɗaya, labarinsa ya riga shi isa na gaba. Katin memba na Bature da shaidar fatoma aiki ɗaya suke yi. Direban tirela na yau shi ne magajin falke, sai dai ya gaji tafiyar bai gaji zangon ba.

Yadda za a yi a Zariya

Ba sabuwar ƙungiya ake buƙata ba. Akwai NURTW ta ma'aikatan sufuri, wadda ke nan tun 1978, akwai NARTO ta masu motoci, akwai reshen direbobin tanka a ƙarƙashin NUPENG. Abin da nake ba da shawara shi ne rassansu na Zariya da Sabon Gari su yi rajistar ƙungiyar gama kai ta musamman domin zango kawai, da asusunta na banki daban, da shugabannin da membobi suka zaɓa na wa'adi ƙayyadadde. Dokar ƙungiyoyin gama kai ta ƙasa ta yarda mutum goma ma su fara. Raba asusun yana da muhimmanci, domin kuɗin zango bai kamata ya gauraya da kuɗin tikitin tasha ko na hidimar siyasa ba.

Sai fili. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, kuma a Jihar Kaduna hukumar KADGIS ce ke ba da takarda. A nemi hekta biyu ko uku a wajen gari, kusa da babban titi amma nesa da gidaje da makarantu: ɗaya ta ɓangaren Kaduna, ɗaya ta ɓangaren Kano, ɗaya bayan Shika a hanyar Giwa. Ba dole a fara da uku ba, a fara da ɗaya. Idan saye ya yi tsada, a karɓi hayar shekara ashirin ko fiye, a rubuce, da sa hannun hakimi da Ƙaramar Hukuma, domin kada a zuba dukiya a wayi gari magada sun ce a tashi. Ana iya kuma aron dabarar Ingila: mai gidan mai ko mai fili a bakin hanya da zai iya karɓar mota biyar ko goma, ƙungiya ta duba wurinsa ta ba shi shaida, ya samu kuɗin shiga, direba ya samu wurin da ya amince da shi.

Kada a fara da ginin ofis mai bene. Abin da direba ke buƙata shi ne ƙasa mai tauri da aka zuba wa tsakuwa aka daddaɓe yadda mota mai lodi ba za ta kafe ba a watan Agusta, magudanar ruwa, katanga ko waya, ƙofa ɗaya mai littafin shiga da fita, fitilu masu aiki da hasken rana, rijiyar burtsatse, banɗaki da wurin wanka, masallaci, da rumfar kwana mai gidan sauro. A keɓe wurin gyara mai daɓen siminti da ramin tara baƙin mai, domin abin da aka zubar a ƙasa a wannan yanki ƙarshensa Kubanni ko Galma, kuma ruwan da muke sha ke nan.

Tankokin mai kuwa a ware musu ɓangarensu, nesa da masu shayi da masu walda, da tukwanen kashe gobara da yashi. Abin da ya faru a Majiya ta Jihar Jigawa a Oktoban 2024, inda fiye da mutum 150 suka rasu, da na mahaɗar Dikko a Jihar Neja a Janairun 2025, faɗuwar tanka ce ta jawo su ba ajiye mota ba, amma sun nuna mana abin da tanka guda ke iya yi idan wuta ta kama a tsakiyar jama'a. Duk dare muna kwana da irinsu a jere kusa da masu suyar ƙosai.

Batun kuɗi, bari mu yi lissafi na misali kawai. Idan direbobi da masu motoci 2,000 suka riƙa ba da Naira 500 duk mako, an tara Naira miliyan ɗaya a mako, miliyan 52 a shekara. Idan mota 40 ta kwana kowane dare a kan Naira 2,000, an samu Naira miliyan 2.4 a wata, abin da za a biya masu gadi da mai shara da gyaran famfo. Duk mai motar da aka taɓa sace wa taya ko batir ya san cewa wannan kuɗi bai kai asarar dare ɗaya ba. Sharaɗin kawai shi ne a biya ta banki ko ta na'urar POS, a ba da rasit, kuma a manna lissafin kowane wata a bakin ƙofa inda kowa zai karanta.

Dokokin su zama kaɗan yadda kowa zai haddace. Ba shiga sai da kati mai hoto da lambar mota. Ba sayar da gas daga tankin mota. Ba ƙwaya, ba giya, ba caca. Motar da ta lalace tana da kwanaki ƙayyadaddu, bayan haka kuɗinta ya ninka, domin kada zango ya zama maƙabartar tsofaffin motoci. Wanda ya karya doka a ja masa kunne, ya sake a ci shi tara, ya sake a karɓe katinsa a sanar da sauran rassa. Tsofaffin direbobi da ƙarfi ya ƙare musu, irin kawuna, su ne suka fi dacewa da riƙon ƙofa, domin sun san fuskoki kuma sun san dabarun ɓarayi.

Abin da masu suka za su ce

Na farko za su ce, me ya sa membobi kaɗai? Direban da ya taso daga Fatakwal ko Maraɗi fa? Amsa ita ce, sharaɗin zama memba ba don a ware baƙo ba ne, don a san kowa ne. Wurin da kowa ke shiga babu tambaya shi ne gefen titin da muke gudu. Ƙungiyoyin nan suna da rassa a faɗin ƙasa, don haka katin reshen Fatakwal ya kamata ya yi aiki a Zariya. Wanda ba shi da kowane kati a yi masa rajistar kwana ɗaya da lasisinsa da takardun motarsa, ya biya sama da na memba. Kuma kada a kuskura a sa ƙabila ko addini a cikin sharaɗi. Sabon Gari gari ne na kowa tun kafuwarsa.

Na biyu za su ce ƙungiyoyin sufuri ba abin ba amanar kuɗi ba ne. Wannan ƙorafi ne da direbobi da kansu suke yi, kuma ba za a share shi da hannu ba. Shi ya sa na dage a kan asusu daban, da zaɓe, da mai binciken kuɗi daga waje duk shekara. Idan shugabanni suka ƙi waɗannan sharuɗɗa, to a haƙura, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma shugaban da ya bar wa membobinsa zango ya bar abin da za a riƙa tunawa da shi.

Na uku su ne masu shayi da masu abinci da masu faci da ke cin abinci daga motocin Kwangila. Haƙƙinsu ne a yi tunaninsu. A ba su rumfuna a cikin zango a kan haya mai sauƙi, su ne na farko a layi. Idan babu su ma direba ba zai shiga ba.

Ita kuma gwamnati ba a sallame ta ba. Aikinta shi ne ta sauƙaƙa takardar fili, ta gyara hanyar shiga da fita daga babban titi, ta sa ofishin 'yan sanda a kusa, sannan bayan an buɗe zango ta hana kwana a gefen titi ba sani ba sabo. A lokacin ne tara za ta zama adalci, domin akwai inda za a ce wa mutum ya tafi. Legas ta gwada haɗa abubuwan biyu a 2021, lokacin da hukumar tashoshin jiragen ruwa ta fito da tsarin Eto, inda mota ke jira a wurin da aka amince da shi har a kira ta zuwa Apapa. Tsarin ya sha suka, amma ya nuna cewa doka ba ta aiki sai da wurin ajiye mota. A Tarayyar Turai doka ta wajabta wa direban babbar mota hutun minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi. Mu ko mun rubuta irin wannan doka, a ina zai huta?

Jami'ar Ahmadu Bello tana Samaru tun 1962 da sassan injiniya da tsara birane, ga Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa, NITT, a Basawa. Ƙirga motocin da ke kwana a Kwangila da Ɗan Magaji na wata guda, da zana taswirar zango, aiki ne da ɗaliban shekarar ƙarshe za su iya yi. Abin da ya rage shi ne shugabannin direbobi su ƙwanƙwasa ƙofa, kuma Masarautar Zazzau da shugabannin ƙananan hukumomin Sabon Gari da Zariya da Giwa su zaunar da kowa a tabarma ɗaya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada mu jira sai wata tanka ta kama da wuta a ƙarƙashin gadar Kwangila, ko wani direba mai gyangyaɗi ya afka wa 'yan makaranta a Samaru, sannan a kafa kwamiti. Mutanen da ke kawo mana abinci da mai da siminti sun cancanci wurin da za su yi wanka, su yi sallah, su yi barci da ido biyu a rufe. Idan suka samu haka, mu ma da ke raba titi da su za mu fi samun kwanciyar hankali. Allah Ya tsare matafiya, Ya kai kowa gidansa lafiya.